“Mun Ci Su!”: Tsokaci a Kan Zuciyar Ɗan Kallo

Gabatarwa

Kafin in ce kome, gara in tona wa kaina asiri tun wani bai riga ni ba. Ni mayen kallon ƙwallon ƙafa ne. Tun ina ɗan firamare a Boɗinga nake hana cikina kuɗin tara don in samu na shiga gidan kallo, har yau kuwa da nake jami'a ciwon bai sake ni ba. Saboda haka abin da mai karatu zai gani a cikin wannan 'yar maƙala maganar wanda ke cikin ruwa tsundum ce, yana gaya wa na tudu zurfinsa.

Ga tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum yana zaune bisa benci a Boɗinga ko Shagari. Can wata uwa duniya wasu samari goma sha ɗaya suna guje-guje bayan tamaula, ba su san shi ba, ba su taɓa ko jin sunan garinsu ba. Amma da sun jefa ƙwallo a raga sai ya daka tsalle ya ce, “Mun ci su!” In kuwa aka cinye su, ranar tuwon dare sai almajirai. Shin wannan “mu” da yake faɗi gaskiya ce ko yaudarar kai? Ya dace mai hankali ya danƙa zuciyarsa ga abin da ba shi da ikon juya shi ko da ƙwayar zarra? In ya dace, ina iyakarsa? Waɗannan su ne zan ɗan taɓa gwargwadon fahimtata, in na yi kure malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su gyara mini.

Kallo Ba Baƙo Ba Ne

Akwai masu cewa wannan haukan kallo Bature ne ya kawo mana shi. Ni ban yarda ba. Tun kafin a san tamaula a ƙasar Hausa, in kaka ta yi, an kai amfanin gona rumbu, ganga ke tashi a dandali. Mahauta su ɗaure hannu da zare su shiga fagen dambe, 'yan kokawa su ci ɗamara, yara su yi langa da farin wata, Fulani su yi sharo, masu dawaki su yi sukuwa. Ko wanne daga cikin waɗannan kuwa ba ya armashi sai da 'yan kallo. Mu mutanen ƙasar Sakkwato ba ma bukatar a ba mu labari, domin har gobe tsofaffi suna zancen damben Shago da Ɗandunawa, da yadda Ɗan Anace ke zuga Shago da waƙa har tsikar jikin mai saurare ta tashi. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar kuwa tun 1975 suka mayar da kokawa gasar ƙasa baki ɗaya, aka fara a Tawa, wanda ya kayar da kowa a ba shi takobi. In ana wannan gasa, mutanenmu na bakin iyaka kunnensu na manne da rediyo.

Ta fuskar addini ma, malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, ya kuma yi tseren gudu da Nana A'isha. Watau dai asalin wasa da gwada ƙarfi ba abin ƙyama ba ne.

Amma fa akwai bambanci guda tsakanin ɗan kallon da da na yanzu. Ɗan kallon da ya san ɗan wasansa. Ya san ubansa, ya san gonarsu, watakila ma shi ya ara masa kuɗin mota zuwa wurin wasan. In ya ce “mun kayar da su”, yana nufin ɗan garinmu ya kayar da ɗan garinsu, kuma gobe za su haɗu a kasuwa. “Mu” ɗinsa tana da tushe. Ni kuwa da nake kiran Real Madrid “mu”, ban taɓa taka ƙasar Sifen ba, ba na jin ko “sannu” da harshensu. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. To, ashe ke nan da rigar aro nake taƙama?

Me Ya Sa Sai Kai Tsaye?

Kafin in amsa, bari mu duba abin da ke jan mu. Duk mai kallo ya san in aka riga aka gaya masa sakamako, ko an sake nuna masa wasan daga farko har ƙarshe, lami yake ji, kamar miya ba gishiri. Ƙwallayen su ne dai, gwanintar ita ce dai, me ya ragu? Abin da ya ragu shi ne rashin sani. Fim ko wasan kwaikwayo, wani ɗan'adam ya riga ya rubuta ƙarshensa ya ajiye. Wasan da ake yi kai tsaye kuwa, a duk faɗin duniya ba mahalukin da ya san yadda zai ƙare. Shugaban ƙasa da ke zaune a rumfar manya da yaron da ke leƙe ta hujin zana, jahilcinsu ɗaya ne a wannan sa'a. Da wuya ka samu wani wuri da ke daidaita mutane haka.

Ba zan manta da ranar Juma'a, 22 ga Yuni 2018 ba, mako guda bayan ƙaramar salla, ranar da Nijeriya ta kara da Aisilan a gasar cin kofin duniya a Rasha. An take wasa da ƙarfe huɗu na yamma, aka tafi hutun rabin lokaci ba ci. Muka fita sallar La'asar a gurguje. Waɗanda suka yi nawa wajen alwala suna dawowa suka tarar gidan kallo ya kaure, domin minti huɗu kacal da komowa Ahmed Musa ya tare ƙwallon da Victor Moses ya kawo masa ya ɗirka ta a raga. Da ya ƙara ta biyu a minti na 75, wani dattijo mai sayar da goro, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya rungume ni har hularsa ta faɗi. Ni yaro, shi sa'an kakana, amma a wannan lokaci ba babba ba yaro. In wani ya ce mini farin cikin nan ƙarya ne, zan ce masa bai taɓa ɗanɗana shi ba.

Ranar Da Ɗan Shagari Ya Miƙa Kofi

Mahaifiyata 'yar Shagari ce, tsakanin garinsu da namu kuwa ba ta kai tafiyar awa guda a mota ba, bisa hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega. A can nake da kawu, wanda ba ya gajiya da ba mu labarin ranar 22 ga Maris 1980. A ranar ne Nijeriya ta fara ɗaukar kofin ƙasashen Afirka, ta lallasa Aljeriya da ci 3 ba ko ɗaya a babban filin wasa na Surulere a Ikko. Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya. Wanda ya miƙa kofin kuwa shi ne Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari, ya danƙa shi a hannun kyaftin Christian Chukwu na ƙungiyar Rangers ta Inugu. Daga baya ya yi wa 'yan wasan kyautar gidaje da motoci ƙirar Peugeot.

Kawu ya ce shi yana saurayi a lokacin, sun yi da'ira sun sa rediyo a tsaka, yawancinsu ko dokokin wasan ba su sani ba. Amma da aka ce ga ɗan garinsu can yana miƙa kofi, sai suka ji kamar hannunsu ne ke miƙawa. Mai karatu ya lura, shekara goma ke nan kacal da ƙare yaƙin basasa a Janairun 1970. Ga Bafillace daga ƙasar Sakkwato, ga Ibo daga Inugu, ga Yarbawa masu cin ƙwallo, kofi ɗaya ya haɗa hannuwansu. Kawu ya ce, “Ran nan ba wanda yat tambayi ƙabilar kowa. Namu na, shi ke nan.”

A nan ne na fara gane cewa ba duk “mu” ce ake gado ba. Akwai wadda ake ƙulla ta da gangan. Ƙasa kamar tamu, mai harsuna ɗaruruwa, ba ta da abubuwa da yawa da za su sa mutumin Shagari da na Inugu su yi ihu a daƙiƙa ɗaya saboda dalili ɗaya. An sake ganin haka a 1994 a Tunisiya, da 1996 a wasannin Olamfik na Atalanta inda aka doke Barazil da Ajantina, da kuma 2013 a Afirka ta Kudu. Wani zai ce ai haɗin kan minti casa'in ne, da an tashi kowa ya koma gidan jiya. Haka ne. Amma wanda ya taɓa ɗanɗana zuma ko sau ɗaya ya san akwai ta, ba za a ƙara ce masa duniya duk maɗaci ce ya yarda ba.

Inda Gizo Ke Saƙa

Da a nan zancen ya tsaya, da na ajiye alƙalami ina murna. Sai dai akwai ɗaya fuskar, kuma a kaina na gan ta.

Kawun nan nawa yana da ɗa, sa'ana, watau taubashina. Tare muka tashi, in an yi hutu ko ni in je Shagari ko shi ya zo Boɗinga. Shi ɗan Barcelona ne, ni ɗan Madrid. Ranar Asabar, 26 ga Oktoba 2024, ya zo garinmu suna, da dare muka tafi kallon karon ƙungiyoyin nan biyu. Barcelona ta bi Madrid har gida ta zuba mata 4 ba ko ɗaya. Tun daga bakin gidan kallo har ƙofar gidanmu yana ɗaga mini yatsu huɗu yana dariya. Ko ruwa ya miƙo mini sai ya ce in kurɓa sau huɗu. Wasa ne irin wanda muka saba tun muna yara. Amma a daren nan zuciya ta ɗebe ni, na dube shi a gaban abokanmu na ce, “Kai da ka zauna jarrabawar shiga jami'a sau biyu ba ka ci ba, me ka sani game da ci?”

Wurin ya yi tsit. Bai ce mini uffan ba. Da asuba ya hau mota ya koma Shagari ba sallama.

Jama'a, a duba wannan ciniki. Na ɗauki ciwon da ya fi ci masa rai, wanda ni kaɗai ya taɓa yi wa kukansa, na soke shi da shi a bainar jama'a. Don me? Don in rama wa wasu attajiran samari da suka yi wanka suka shiga motocinsu suka tafi gida, ba su san an halicce ni ba. Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Abin da ya same ni ƙaramin misali ne na abin da ke samun taro. Ranar 29 ga Maris 2022, da Gana ta yi kunnen doki da mu 1 da 1 a Abuja ta hana mu zuwa gasar kofin duniya ta Ƙatar, 'yan kallo suka ɓarke cikin fili suka yi ta farfasa kayan da aka saya da dukiyar ƙasarsu. Haka kuma bayan wasan ƙarshe na kofin Afirka ranar 11 ga Fabrairu 2024 a Abijan, inda Kwaddibuwa ta ci mu 2 da 1, mutane suka yi wa Alex Iwobi rubdugu da zagi ta intanet har ya kwashe hotunansa daga Instagram, sai da Ahmed Musa ya fito ya roƙi jama'a su bari. Kwana huɗu kafin nan, da aka fitar da Afirka ta Kudu, duk “mu” ne. Da aka faɗi sai aka koma “su”. Lalle ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Ga kuma caca da ta shigo ta raɓe a jikin kallo kamar kaska, har ka ga yaro ba ya kallon gwaninta, lissafin takardarsa kawai yake yi.

Dalilin duk wannan, a ganina, shi ne abin nan da na ambata tun farko, watau rashin iko. Ɗan wasa in ransa ya ɓaci yana da inda zai kai fushinsa: ya ƙara gudu, ya ƙara ƙoƙari. Ɗan kallo kuwa zuciyarsa na tafasa, amma ƙafarsa ba ta taɓa ƙwallo. Tururin nan dole ya nemi mafita, sai ya sauka a kan wanda ya fi kusa: aboki, ƙane, mata, ko kujerar filin wasa.

Darasi Daga Barkwanci

Abin mamaki, kakanninmu sun daɗe da samo maganin irin wannan. Duk ɗalibin al'ada ya san wasan barkwanci: tsakanin Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, jika da kaka, da kuma taubasai. Abokin wasanka zai kira ka bawansa a tsakiyar kasuwa, ya yi maka tsiya son ransa, kai kuma ka rama. Amma wasan yana da doka biyu da ba a rubuta ba. Ta farko, ba a fushi. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi, shi za a yi wa dariya. Ta biyu, ba a taɓa ciwon gaskiya. Ana tsokana ne da abin da kowa ya san wasa ne. Masana suna cewa da yawa daga cikin waɗannan wasanni sun samo asali ne daga tsohuwar gaba ko yaƙi, aka narkar da ita ta koma raha.

In muka duba da kyau, hamayyar 'yan Madrid da 'yan Barcelona, ko 'yan Arsenal da 'yan Manchester, a garuruwanmu wani sabon barkwanci ne. Yana ba mutum abokin tsokana a duk inda ya sauka, ya buɗe hira tsakanin baƙo da ɗan gari. Illarsa ita ce mun ɗauko tsokanar mun bar dokokin. Kakanninmu sun mai da gaba wasa, mu kuma muna nema mu mai da wasa gaba. Taubashina bai karya doka ba, domin ƙwallo huɗu ba ciwon gaskiya ba ne. Ni ne na karya duka biyun a numfashi ɗaya.

Ma'auni

To, mu koma ga tambayarmu. Ya dace mai hankali ya ba kallo zuciyarsa? Amsata ita ce e, ya dace, in dai aro ya ba da ita, kuma ya san lokacin karɓo abarsa. A cikin ɗan littafinsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, wanda aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa halaye goma, cikinsu har da haƙuri, da adalci, da hankali, da mutunci. Ina ganin gidan kallo makaranta ce da ake jarraba waɗannan halaye duk mako, kuma kowa na iya duba allonsa da kansa.

Haƙuri shi ne yadda kake a daren da aka cinye ku. Malamai sun gaya mana cewa a ma'aunin Manzon Allah, ƙarfi na gaskiya yana ga mai mallakar kansa lokacin fushi, ya fi na mai kayar da mutane a kokawa. Adalci kuwa shi ne ka iya yaba gwanintar abokin hamayya. Sebastien Haller, wanda ya ci mu ƙwallo ta biyu a Abijan, a 2022 aka gano yana da ciwon daji, ya yi jinya ya tashi ya dawo fili. In ba ka iya taya wannan bawan Allah murna ko kaɗan a zuciyarka ba, to ba wasan kake so ba, rinjaye kake so. Hankali shi ne ka lissafa abin da kallo ya ci maka: salla nawa ta wuce, lacca nawa, kuɗin aike nawa. Mutunci kuwa shi ne kada ka sayar da na kusa don na nesa. A nan ma akwai abin dubawa, domin filin wasa na Giginya yana nan cikin Sakkwato, amma da yawa daga cikinmu da muka haddace sunayen 'yan benci na ƙungiyoyin Turai ba mu iya kawo sunan ɗan wasa ɗaya na Sokoto United, balle mu je dandali mu ga damben yaran unguwarmu. Gida bai ƙoshi ba muna kai wa dawa.

Kammalawa

Bari in ƙarasa labarin da na fara. Wata biyu da rabi ba mu yi magana da taubashina ba. Ranar 12 ga Janairu 2025 ƙungiyoyin nan suka sake haɗuwa a Jidda, Barcelona ta ci 5 da 2. Na koma ɗaki na ajiye waya kusa da kaina, ina jiran ya kira ya yi mini tsiya kamar yadda ya saba. Har gari ya waye bai kira ba. Wallahi shirun nan ya fi ƙwallo biyar ɗin yi mini ciwo. Ran nan na gane wanda na rasa.

Da ƙarshen mako na hau mota zuwa Shagari. Ashe kawu ya riga ya ji kome. Ya sa aka kira mu zaure, ya dube ni ya ce, “Zamna nan, ɗana. Waɗanga mutane da kunka yi faɗa sabili da su, ran da ciwo yak kada ka, wa zai zo duba ka cikinsu? Ran da anka ɗauke ni zuwa kushewa, da wa za ka kama makara, da su ko da wanga?” Na rasa ta cewa. Na sunkuyar da kai na ba ɗan'uwana haƙuri, shi kuwa da yake ya fi ni zama mutumin kirki, ya ce ya wuce.

Ranar 26 ga Afrilu 2025 Barcelona ta sake doke mu 3 da 2 a wasan ƙarshe na kofin Sarkin Sifen. Wajen sha biyun dare waya ta yi ƙara. Ina ɗauka na ji ana ƙyaƙyata dariya, ana tambayata ko in kawo mini ruwa in kurɓa sau uku. Ban taɓa jin daɗin shan kaye irin na wannan dare ba.

Har yanzu ina kallo, kuma har yanzu in an jefa ƙwallo ina cewa “mun ci”. Sai dai yanzu na san “mu” ɗin da ta fi gaskiya ita ce ta waɗanda muke zaune bisa benci ɗaya, har da wanda ke goyon bayan abokan hamayya. Allah ya ba mu ikon riƙe zukatanmu, a fili da wajen fili, amin.